Gawa a Babi na Ɗaya: Me Ke Raba Kan Masu Karanta Labarin Makashin Mata?

Akwai wani zubin ƙagaggen labari da ya ƙi tsufa. Wani mutum da ba a san ko wane ne ba yana bin sawun mata yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, jami'in bincike na ta haƙilon gano shi, ita kuwa wadda ke gaba a layi tana can tana sabgoginta, ba ta san an riga an ɗora mata ido ba. An rubuta wannan labari sau shurin masaƙi, ana canza gari da sunaye da irin makamin, amma duk sa'ad da sabo ya fito sai kan masu karatu ya rabu, kuma kusan a wuri ɗaya yake rabuwa kullum. Akwai waɗanda suka raba dare suna karatu, har sai da suka tashi suka sake duba ƙofa kafin su kwanta. Akwai waɗanda suka yar da littafin tun babi na uku saboda zuciyarsu ta tashi. Akwai masu jin haushin jarumar, wai wautarta ta yi yawa. Akwai kuma, ko an ƙi ko an so, waɗanda makashin ne ya tafi da imaninsu.

An fi ɗaukar cewa a kan yawan jini ake wannan gardama: mai taurin zuciya ya jure, mai rauni ya gudu. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Littattafai biyu kan zo da gawa biyar-biyar, na farko ya bar ka da tausayi da fushi, na biyu ya bar ka kana jin kamar kai ma da hannunka a ciki. Abin da ya raba su shi ne wurin da marubuci ya tsayar da mai karatu. A gefen matar ya ajiye ka, kana jin takun da take ji a bayanta, ko kuwa a bayan labule ya ɓoye ka, kana leƙenta tare da mai farautarta? Yawancin abin da masu karatu ke faɗi, yabo ne ko tsinuwa, amsa ce ga wannan zaɓi, ko da mai maganar bai ankara ba.

A fara da waɗanda barci ya ƙaurace wa, don su suka fi yawa, kuma su ke riƙe da kasuwar. Ga yadda ake kama su. Mace ta dawo daga aiki da dare, ta buɗe ƙofa, ta kunna fitila. Komai na nan yadda ta bar shi, ko tsinke ba a ɗauka ba. Sai dai kofin da ta bari a kan tebur da safe da guntun ruwa a ciki, yanzu ga shi can an ɗauraye shi an kife. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce a ranta ƙila ita ta wanke ta manta, ai da gaggawa ta fita. Ta cire takalmi ta nufi ɗakin kwana. Babu ko ɗigon jini a wannan shafi, babu ihu. Amma mai karatun da aka nuna wa, babi biyu baya, wani mutum yana karɓar makullin da aka yanko masa yana jefawa a aljihu, tuni hantar cikinsa ta kaɗa. Ya san abin da ba ta sani ba, kuma ba shi da bakin faɗa mata. A kan wannan tazara da ke tsakanin saninsa da nata aka gina labarin gaba ɗaya.

Masanin halayyar ɗan Adam Dolf Zillmann ya shafe shekaru yana nazarin yadda labari ke taɓa zuciya, kuma a wurinsa ɗar-ɗar irin wannan ba ya samuwa sai abu biyu sun haɗu: mai karatu ya damu da wanda ke cikin haɗari, sannan ya ga mugun abin da yake gudu ya kusa tabbata. Ya kuma bayyana abin da ke sa daɗin ƙarshen ya yi yawa. Bugun zuciya ba ya sauka nan take, don haka idan jarumar ta kuɓuta, ragowar firgicin sai ya kwarara cikin murna ya ninka ta. Wani masanin, Paul Rozin, ya lura cewa mutum kan ji daɗin abin da jikinsa ke ɗauka haɗari ne, muddin hankalinsa ya tabbatar masa yana cikin aminci. Mai karatu na kan gadonsa, ƙofa a kulle, littafin kuma in abin ya yi tsanani ana iya rufe shi. Sharaɗin farko na Zillmann ne ya kamata a riƙe. In ba ka damu da matar ba, abin da ya rage maka jiran ganin yadda za a kashe ta ne kawai, kuma wannan wani abu ne daban da ɗar-ɗar.

Masu ƙorafin cewa sun gano makashin tun kafin rabin littafi ba za su ɗauke mu lokaci ba. Wasa ƙwaƙwalwa suka zo nema, kuma suna da haƙƙin jin an raina musu wayo idan marubuci ya bar sawu a fili. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ba mutane gajerun labarai su karanta, wasu an riga an faɗa musu ƙarshen, sai aka tarar sanin ƙarshen bai rage musu jin daɗi ba, ya ma ɗan ƙara. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ba da sakamako irin wannan ba, amma ko ba komai abin ya tuna mana cewa labarin da ya mutu da zarar an faɗi sunan makashi, dama can ba shi da wani rai sosai.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne su wa ke sayen irin waɗannan littattafai. Mata ne a gaba, kuma mata da yawa ne ke rubuta su. Wanda bai sani ba sai ya ce ta yaya mace za ta zauna tana karanta yadda ake farautar 'yar'uwarta. A 2010 Amanda Vicary da Chris Fraley na Jami'ar Illinois sun duba wannan ta ɓangaren littattafan kisan da ya faru da gaske. Sun tarar kusan kashi 70 cikin 100 na masu rubuta ra'ayi kan irin waɗannan littattafai a shafin sayayya na Amazon mata ne. Da suka ba mutane zaɓi tsakanin littattafai, mata sun fi karkata ga wanda aka ce yana ɗauke da dabarar da wata ta yi ta kuɓuta, ko bayanin abin da ke tunzura makashin, ko wanda waɗanda aka kashe a cikinsa mata ne. Fassarar masu binciken ita ce, mace na karantawa ne tana ɗaukar darasin tsira, ko ta san haka take yi ko ba ta sani ba.

Bayanin na da ƙamshin gaskiya. Namiji kan karanta shafin da jaruma ke tafiya a layi mai duhu tana jin taku a bayanta kamar labarin wata duniya. Mace kuwa ta san lissafin da ake yi a irin wannan lokaci: in tsallaka titi ne, in yi kamar ina waya, in na ƙara sauri zai gane na tsorata, in na waiwaya kuma fa? Littafin bai koya mata tsoron ba, da shi ya same ta. Abin da ya ba ta shi ne tsoro mai farko da ƙarshe, wanda aka yi wa suna da fuska, aka kuma sa masa ankwa kafin shafin ƙarshe. Tsoron da take yawo da shi a rayuwa ba ya ƙarewa haka.

Sai dai in darasi ne, to darasin wata jarrabawa ce da ba kasafai ake zana ta ba, kuma a nan ne masu karatu mafi kaifin hankali ke kafa ƙorafinsu. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka, a taron masana da ta kira a San Antonio a 2005, ta tsayar da cewa mai kisa a jere shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, ta kuma ce irin wannan kisa bai kai kashi 1 cikin 100 na kashe-kashen da ake yi a shekara ba. A ɗaya gefen, rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, tare da hukumar mata ta majalisar, ya nuna cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a faɗin duniya, kuma kimanin 51,100 daga cikinsu, wato kashi 60 cikin 100, miji ko saurayi ko wani ɗan'uwa ne ya kashe su. Mace 140 ke nan a kowace rana. Bibiya ma haka take. Akasarin matan da ake bin sawunsu sun san mai bin nasu, sau da yawa tsohon miji ne ko tsohon saurayi. Wani bincike da Judith McFarlane ta jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 1999, ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na matan da abokan zamansu suka kashe, an yi ta bibiyarsu a cikin shekarar da ta gabaci kisan. Doka ma a makare ta farga. Sai a 1990 jihar Kalifoniya ta zama ta farko a Amurka da ta mai da bibiya laifi, Ingila kuwa sai a 2012 ta ware ta a matsayin laifi mai sunan kansa.

Don haka idan mai karatu ta ce littafin ya nuna mata haɗari a inda ba nan ya fi yawa ba, gaskiya ta faɗa. Amma ban ga laifin wadda ta fi son labarin baƙon makashi ba, kuma ina jin na gane dalilinta. Baƙo ana iya kulle masa ƙofa. Ana iya canza hanya, a daina fita da dare, a sa fitila a tsakar gida. Wanda yake da makullin tun asali, wanda ya san inda kike ajiye waya da lokacin da kike barci, babu sakatar da za ta tare shi, kuma tunaninsa ba abin da mutum zai so ya kwanta da shi ba ne. Labarin baƙo na ɗauke tsoron daga cikin gida ya kai shi bakin titi, inda ya fi sauƙin ɗauka. Ba banza ba daga wajen 2012 zuwa yanzu aka samu ambaliyar littattafan da suka dawo da mugun cikin ɗaki, ya zama shi ne mijin ko masoyin, kuma masu karatu da yawa kan ce waɗannan sun fi tayar musu da hankali duk da jinin cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga masu zagin jarumar. Me ya kai ta buɗe ƙofar? Me ya hana ta kiran 'yan sanda? Wace irin sakarya ce za ta bi wannan hanya ita kaɗai? Abu biyu ne a cakuɗe cikin wannan fushi, kuma ya kamata a raba su. Wani lokaci laifin marubuci ne tsantsa. Yana buƙatar matar ta shiga gidan da babu kowa, bai samo dalili mai kyau ba, sai ya cire mata hankali na shafi uku, ya kashe mata cajin waya, ya tura ta. Mai karatun da ya yi tsaki a nan da marubucin yake, kuma ya yi daidai. Amma akwai lokacin da jarumar ta yi duk abin da mai hankali zai yi, ta kai ƙara an ce mata ba a da hujja, ta canza makulli, ta faɗa wa ƙawarta, aka dai cim mata, kuma duk da haka sai ka ji ana laluben inda ta yi kuskure. Wannan kuma daga cikin mai karatu yake fitowa.

A 1966 Melvin Lerner da Carolyn Simmons sun sa ɗalibai kallon wata budurwa da aka nuna musu kamar ana jona mata lantarki a wani gwaji. Waɗanda ba su da ikon tsayar da azabar ko biyan ta diyya, sai suka koma suna rage mata daraja, suna ganin kamar halinta ne ba shi da kyau. Lerner ya ce mutum na da buƙatar yarda cewa duniya na tafiya bisa adalci, kowa abin da ya shuka yake girba, don haka idan ya ga wanda aka zalunta kuma ba abin da zai iya yi, ya fi masa sauƙi ya nemo wa wanda aka zalunta laifi. Mai karatu kuwa shi ne cikakken wanda ba zai iya komai ba. Idan ya gano kuskuren jarumar, ya samu abin kwantar wa kansa da hankali: ni ba zan yi haka ba, don haka ni ba za a same ni ba.

Wannan hali ya yi ɓarna a wajen littafi. Tsakanin 1975 da 1980 Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 a arewacin Ingila. 'Yan sanda da jaridu na lokacin sun riƙa kasa matan gida biyu, waɗanda suka kira marasa laifi da waɗanda ake zargi da karuwanci, kamar dai ran wasu ya fi na wasu tsada. Aka kuma shawarci mata su daina fita da dare, abin da ya sa mata suka fito zanga-zangar dare a birnin Leeds a 1977, suna tambayar dalilin da za a kulle su a gida alhali namiji ne ke kisan. Sai a watan Nuwamban 2020, da Sutcliffe ya mutu, rundunar 'yan sandan West Yorkshire ta nemi afuwar iyalan matan kan irin kalaman da manyan jami'anta suka yi amfani da su. Abin takaici, ƙagaggun labarai da yawa har yau suna yin wannan kaso ba tare da kunya ba. Gawarwakin farko na matan da ba su da kowa ne, layi biyu-biyu ake ba su a wuce. Wadda za a yi tseren ceto kuwa 'yar jami'in ce, ko likita, ko ɗaliba mai ladabi. Marubuci bai furta komai ba, amma ya riga ya nuna wa mai karatu wadda zai yi wa kuka da wadda zai ƙirga kawai.

Sai kuma rukunin da mutane ba su cika son amsa sunansa ba, waɗanda babin makashin ya fi yi musu daɗi. Ba na ganin su a matsayin masu mugun hali, dabara ce ta ci su. Duk wanda aka shigar da kai cikin kansa, kana jin tunaninsa da bakinsa, sai ka ɗan karkata gare shi, ko ɓarawo ne ko azzalumi. Marubuta da yawa kuma ba sa tsayawa nan. Su ba shi kaifin basira da iya magana da tsafta, su ba shi yarinta mai ban tausayi, su sa yana wasa da hankalin 'yan sanda yana aika musu saƙo. Kafin ka ankara shi ne mutum mafi armashi a littafin, jami'in bincike mashayi ne mai rikicin aure, matan kuwa kayan aikin nuna gwanintarsa.

Tarihi bai goyi bayan wannan hoto ba. Sau tara 'yan sanda suka yi wa Sutcliffe tambayoyi suna sakinsa, kuma abin da ya kawo ƙarshensa a watan Janairun 1981 a Sheffield lambar mota ce ta bogi. Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kashe mata 48 a jihar Washington a 2003, fentin manyan motoci yake yi, kuma ya faɗa wa kotu cewa ya zaɓi mata masu zaman kansu ne saboda ya san ba za a yi saurin cigiyarsu ba. Samuel Little ya yi iƙirarin kashe mutum 93, hukumar FBI ta tabbatar da 50 daga ciki a 2019, akasarinsu matalautan mata ne, da yawa baƙaƙen fata, kuma an rubuta mutuwar wasunsu a matsayin haɗari ko yawan shan ƙwaya. Waɗannan mutane sun daɗe suna ɓarna ne saboda sun zaɓi waɗanda ba a damu da ɓatansu ba. Sakacin hukuma ne ya yi musu rumfa, ba wata baiwa ba. Amma sakaci ba ya sayar da littafi yadda shaiɗani mai basira ke sayarwa. Kuma kada a ɗora wa ƙagaggen labari laifin shi kaɗai: lokacin shari'ar Ted Bundy a Miami a 1979, wadda aka nuna a talabijin, 'yan mata sun riƙa zuwa kotun don su gan shi, mutumin da daga baya ya amsa kashe mata 30 kafin a zartar masa da hukuncin kisa a 1989.

Ba ina cewa haramun ne a shiga kan makashi ba. Marubucin da ya san aikinsa na iya shiga ya nuna abin da ke ciki da gaske: mutum mai yawan tausayin kansa, mai ƙullaci kan ƙananan abubuwa, mai yi wa kansa ƙarya, wanda ba ya iya ganin kowa a matsayin mutum. Mai karatu ya fito daga irin wannan babi yana jin ƙazanta a jikinsa, kuma haka ake so. Matsalar na farawa ne idan idon marubuci ya zama idon makashin har a wuraren da makashin ba ya nan. A duba yadda ake kwatanta gawa. Wani marubucin zai tsaya kan gashinta da ya baje, da hasken fatarta, da inda rigar ta yage, ya yi ta jan jimla kamar mai kwatanta amarya. Wani kuma, a wuri ɗaya, zai sa wayarta ta yi ƙara a cikin jaka yayin da jami'ai ke tsaye, a fuskar wayar an rubuta Mama, ta katse, ta sake kira, ba wanda ya iya ɗauka. Gawa ɗaya ce, raunuka iri ɗaya. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda suka yar da littafi a babi na uku suna cewa jini ya yi yawa, irin shafin farko suka ci karo da shi. Sun ji ana gayyatarsu su ji daɗin abin, suka ƙi amsa gayyatar, sai dai ba su samu kalmar da za su faɗi haka ba.

Wannan gajiya ce ta haifar da wata gasa a Birtaniya a 2018, mai suna Staunch, wadda marubuciya Bridget Lawless ta kafa don littattafan ɗar-ɗar da ba a doki mace a cikinsu ba, ba a bibiye ta ba, ba a yi mata fyaɗe ba, ba a kashe ta ba. Waɗanda suka fi yi wa gasar ca marubuta mata ne, ciki har da Val McDermid ta Sukotland. Hujjarsu ita ce, cin zarafin mata na faruwa kowace rana, share shi daga littafi ba zai share shi daga duniya ba, kuma labarin laifi na daga cikin wuraren da ake iya zama a dube shi ido da ido. Ina tare da su a nan. Gasar ta auna ko akwai gawar mace ko babu, alhali littafin da ya fi kowanne mutunta mata na iya buɗewa da gawa, wanda ya fi kowanne raina su kuma ya ƙare ba a taɓa kowa ba. Sai dai haushin da ya haifi gasar ba na banza ba ne, kuma masu sukarta sun fi saurin kare sana'arsu fiye da amsa tambayar da aka yi musu, wato me ya sa in ana son girgiza mai karatu a shafin farko, gawar kyakkyawar budurwa ce ke fara zuwa a rai, alhali a zahiri kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake kashewa a duniya maza ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai karatu zai iya yi wa kansa mako guda bayan ya gama littafi: ya gwada tuno sunayen matan da aka kashe. Sunan makashin na nan daram, na jami'in ma haka. Matan fa? Wannan mantuwa ta girmi littattafan. A 1888 an kashe mata biyar a unguwar Whitechapel ta Landan, ba a taɓa gano makashin ba, amma laƙabin da aka san shi da shi, Jack the Ripper, ya zagaye duniya, har yau ana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido wuraren da ya yi kisan. Matan su ne Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Da masaniyar tarihi Hallie Rubenhold ta fitar da littafi kan rayuwarsu a 2019, tana cewa babu hujjar da ta nuna uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka daɗe ana faɗa, masu karatu da yawa sun yi maraba, amma wasu daga cikin masu sha'awar farautar sunan makashin sun far mata da zafi. Suna da damar jayayya da hujjojinta, masana tarihi ma sukan saɓa. Zafin ne dai ya fi ƙarfin saɓanin, kamar an ɗauke fitila daga kan wanda suka zo kallo.

Ƙarshen littafi ma na raba kai, ko da yake ba kamar sauran ba. Masu neman a huce musu haushi suna so jarumar ta kashe shi da hannunta. Masu son abin ya yi kama da gaskiya suna so a ga kotu, da shaidu, da iyayen da ke zaune a benci suna sauraron abin da aka yi wa 'yarsu. Kaɗan ne daga cikin marubuta ke bin wadda ta tsira zuwa watanni shida bayan nan, lokacin da jaridu sun tafi, ita kuma har yanzu ba ta iya zama ta ba ƙofa baya. Dalilin na kasuwa ne. Littafin da ya karɓu ana so ya haifi na biyu da na uku, shi ya sa sau da yawa ba a samun gawar makashin a kogin da ya faɗa, ko a gano yana da almajiri, ko a bar shi a kurkuku inda jami'in zai riƙa zuwa neman shawararsa. Shi da jami'in ne ke dawowa a littafi na biyu da sunayensu da tarihinsu da masoyansu. Matan kuwa sababbi ake nemowa.